Yadda zaka shirya fita hawan dutse da kulob, musamman in karon farko ne

Duk wanda sha'awar hawan dutse ta kama shi, tambayarsa ta farko ita ce wane takalmi zai saya, wace igiya ce mai kyau. Ni kuma amsata ɗaya ce kullum, bari maganar saye tukuna, fara nemo mutanen da zaka bi. Galibin kulob ɗin hawa suna da hular kwano da ɗamara, wato abin da ake ɗaurawa a ƙugu da cinyoyi a maƙala igiya a jikinsa, da igiya da suke ara wa sabbin shiga, kaga kenan kaya ba su ne matsala ba a farko. Abin da kake buƙata da gaske shi ne mutumin da zai tsaya gabanka ya kalli ƙullin igiyarka da idonsa, ya ja shi da hannunsa, kafin ƙafarka ta bar ƙasa. Saboda wannan mutumin ake shiga kulob. Kuma ba yau aka fara ba, tun 1857 aka kafa kulob ɗin masu hawan tsauni na farko a Landan, wato Alpine Club, daga nan wasu ƙasashen suka bi sahu.

Fitar kala biyu ce, gara ka san wacce zaka je. Akwai wadda Turawa ke ce wa sikiramblin, ni dai hawan dafe nake ce mata, don tafiyar ƙafa ce da ta yi tsayin da dole sai ka sa hannu ka dafa dutse, kuma ba ko yaushe ake ɗaura igiya ba. Sai kuma hawan bango sosai, inda dutsen ya miƙe tsaye kamar katanga, kana cikin ɗamara, wani yana ƙasa riƙe da igiyarka. Mutane da yawa suna ɗauka na biyun ne mai haɗari, na farkon kuma wasan yara ne. Ni a wajena sabon shiga ya fi bani tsoro a hawan dafe, domin a bango in ka zame igiya zata tare ka, a hawan dafe kuwa in ka zame babu mai tare ka.

Shi ya sa in kulob ya fitar da sanarwar fita ka duba matakin da aka rubuta. A Birtaniya hawan dafe mataki 1 zuwa 3 ne, na 1 mai lafiya wanda ba ya jin jiri a sama zai iya, na 3 kuwa yawanci sai an haɗa da igiya. A Amurka aji 1 zuwa 5 suke ƙirgawa, 3 da 4 su ne hawan dafe, 5 shi ne hawan bango. Tsarin Faransa kuma na hawan bango ne, lamba ce da harafi, 4a, 5b, 6a haka har zuwa 9c, sabon shiga tsakanin 4 da 5 yake farawa. Amma fa lambar nan ba zata gaya maka yadda cikinka zai ɗuri ruwa ba in ka waiga kaga rami a gefenka. Akwai wani doron dutse a yankin Wales na Birtaniya da ake kira Crib Goch, mataki 1 ne a rubuce, amma siriri ne da rami hagu da dama, ya sha tsayar da ƙarfafan mutane cak su kasa gaba su kasa baya.

Kafin ranar kayi wa jagoran fitar magana. Tambaye shi mutum nawa jagora ɗaya yake kula da su, waye a cikinsu ya koyi agajin farko, ƙarfe nawa ake juyowa, me akeyi in hadari ya haɗo. Kulob na ƙwarai ba ya jin haushin tambaya, hasali ma su ne zasu dame ka da tasu, kana da asma, kana da hawan jini ko ciwon suga ko farfaɗiya, yaya gwiwarka, ka taɓa hawa, kana tsoron tsayi. Don Allah ɗan uwa faɗi gaskiya anan. Kunya ce ke sa mutum ya ce ai na saba alhali bai taɓa ɗaura ɗamara ba, sai jagora ya ɗauke idonsa daga kansa ya mayar kan wanda ya ce bai iya ba. Wanda ya ce ban iya ba shi ake sa wa ido duk yini, shi ake sakawa a bayan jagora, shi yake komawa gida da ilimi. In kuma ka tuntuɓi kulob suka ce kawai ka zo ba komai, ba su tambaye ka ko abu ɗaya ba, toh ni dai bazan bi su ba.

Maganar kaya a takaice. Don hawan dafe kana son takalmi mai ƙarfin ƙasa da yake kama dutse, wanda ka riga ka yi ta yawo dashi ya saba da ƙafarka, sabo fil daga kwali zai yi maka bororo tun kafin a kai rabin hanya. Takalmin hawan bango daban ne, ɗamamme ne mai roba, yatsunka su taɓa ƙarshe amma kar ya kai ga azaba. Hular kwano ta hawan dutse ce ake sawa don an yi ta ne saboda abin da zai faɗo daga sama, kuma tun kana gindin dutse zaka sa ta, kar ka bari sai ka fara hawa. Duk abin da ranka zai rataya a jikinsa ka duba ko akwai tambarin CE, wato shaidar cika ƙa'idar Tarayyar Turai, ko na UIAA, ita UIAA ɗin ƙungiyar masu hawan tsauni ce ta duniya da aka kafa 1932 a Chamonix ta Faransa, ita ke fitar da ma'aunin gwajin kayan. Ɗauki karabina, wato ƙugiyar ƙarfen nan mai ƙofa, ka juya bayanta zaka ga lambobi da kN a gefe, wato ma'aunin ƙarfin da zata iya ɗauka. A tsaye da ƙofa a rufe tana ɗaukar akalla 20, kusan nauyin tan 2 kenan, amma in ta juya nauyi ya hau ta a kwance sai ya dawo wajen 7. Kaga dalilin da yasa ake ta nanata a duba ta zauna daidai, a murɗa makullinta.

Igiyar hawa kuma ba kowace igiya bace, tana da ɗan talewa kamar roba don in mutum ya faɗo ta shanye ƙarfin fizgar, da ace ba ta talewa ƙugunka da bayanka ne zasu sha. Kar ka sayi igiya ko ɗamara ta hannu a wajen wanda baka sani ba, baka san sau nawa aka faɗo a kanta ba, baka san ko ruwan batir ya taɓa ta ba, kuma irin wannan ɓarnar ba lallai ido ya gani ba. Galibin kamfanonin ma cewa suke ko ba a taɓa amfani da ita ba in ta kai shekara 10 a yi ritayarta.

A jakar goyo ka sa ruwa kamar lita 2 ko fiye in ana zafi, ɗan abin taɓawa, rigar ruwa, riga mai ɗumi, tocilar goshi, usur, fawa banki, maganinka in kana shan wani, ka kuma sauke taswirar wurin a waya tun daga gida don can ba lallai a samu sabis ba. Rigar ɗumin nan kar ka raina ta, duk mita 1000 da ka hau zafi na raguwa da kusan digiri 6.5, ga iska, ga gumi ya jiƙa maka riga, sai kaga mutum yana haɗa haƙora a wurin da aka baro rana a ƙasa. Cire zobe, wannan ba wasa bane, in ya maƙale a tsagar dutse kana zamewa yatsan ne zai tafi. Yanke farce. Duk abin da yake lilo a jikinka, dogon gashi ko bakin ƙyalle ko igiyar riga, a ɗaure a cusa ciki don kar na'urar riƙon igiya ta ja shi.

Lissafin lokaci akwai wata tsohuwar ƙa'ida da wani ɗan Sikotland William Naismith ya fitar a 1892 har yau ana aiki da ita, awa 1 ga kowane kilomita 5, sannan a ƙara awa 1 ga kowane mita 600 na hawa. Misali hanyar kilomita 10 mai hawan mita 900, awa 2 da awa 1 da rabi, awa 3 da rabi kenan. Amma wannan lissafin mai ƙarfi ne da ba ya hutawa. Ku goma ne, kun zo wata tsaga da dole sai ɗaya bayan ɗaya, kowa minti biyar, kaga kusan awa guda ta tafi a wuri ɗaya. Don haka ake yanke lokacin juyowa tun a ƙasa, a ce ƙarfe kaza duk inda muke zamu juya ko da muna hango ƙololuwa. In lokacin ya yi jagora ya ce a juya kar ka zama mai cewa ai saura kaɗan. Na san zafin abin, na sha jinsa, amma saura kaɗan ɗin nan ita ke sa a sauko cikin duhu da ƙafafun da suka gaji.

Toh yanzu ga ka a jikin dutse. A hawan dafe gaɓoɓi huɗu gareka, hannu biyu ƙafa biyu, uku su kasance a kafe ɗaya ne kawai yake motsi. Ƙafa ce mai ɗaukar nauyi, hannu daidaito kawai yake baka, in ka ji kana jan jikinka da hannu to ka tsaya ka nemi matakin ƙafa, yawanci yana nan kusa baka duba bane. Gajerun taku sun fi dogon miƙa. Kar ka manne ƙirjinka da dutse don tsoro, in ka kwanta a jikinsa takalminka zai rasa kamu kuma baka ganin inda zaka taka, ɗan ja baya kaɗan nauyinka ya sauka a kan ƙafa. Duk abin da zaka kama ka fara bubbuga shi da tafin hannu, in ka ji ya yi ƙara kamar fanko ko ya motsa ka bar shi. Ciyawa da ƙananan saiwoyi ba abin riƙo bane. Wurin da kaga ya yi baƙi da laima ko gansakuka ta fito, santsi ne, kauce. Gwiwa ma kar ka saba hawa da ita, in ka durƙusa a ɗan dakali tashi yana wuya.

Sannan abin da na fi son ka riƙe, kar ka hau abin da baka da tabbacin zaka iya saukowa daga kansa. Akwai wata fita da bana mantawa, wani matashi mai ƙarfi, karonsa na farko, yaga layi ya yi tsawo a wata tsaga sai ya ratse gefe ya haye wani fale, bai fi mita biyar ba, ya isa wani ɗan dakali mai faɗin tafin ƙafa sai yaga gaba ba abin kamawa, ya leƙo ƙasa kuma ba ya ganin inda ya taka ya hau. Ina kallon ƙafarsa ta dama ta fara rawa kamar mazari, yatsunsa sun yi fari don matsa dutse. Jagorarmu wata mata ce da ta daɗe a harkar, ko ɗaga murya bata yi ba, ta ce masa ƙanina sauke dudduge ƙasa, ja numfashi, kalli dutsen da ke gaban hancinka kawai, ina zuwa. Ta zagaya ta sama ta ɗaura igiya a wani ƙaton dutse ta zuro masa. Minti 40 abin ya ci kafin ya dawo cikinmu, hawan da bai ɗauke shi minti biyu ba. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fito ba. Ka tsaya a layi, ka bi inda jagora ya bi.

Dutsen da ke gangarowa shi ma babban abu ne in kuna da yawa. A wurin da tsakuwa da ɓaraguzai suka yi yawa ko dai ku matsu kusa da juna don in dutse ya kuɓuce kar ya samu gudu kafin ya iso na baya, ko kuma ku wuce ɗaya bayan ɗaya sauran suna fake a gefe. In ka ture dutse, ko ƙarami ne, ko robar ruwa ce ta faɗi, ka ƙwala ihu da iya ƙarfinka ka ce dutse! Kar kunya ta sa kayi shiru. Kai kuma na ƙasa in ka ji ihun kar ka ɗaga fuska kana neman ta ina yake zuwa, matsa jikin bango ka duƙar da kai hula ta yi aikinta.

Mu zo kan hawan bango da igiya. A ranar farko kusan ko wane kulob da igiyar sama zai fara maka, wato igiyar ta riga ta bi ta maɗauri a can sama ta dawo ƙasa, ɗaya bakin a jikinka ɗayan a hannun mai riƙo, in ka saki dutse ɗan zama kawai zakayi a iska. Ɗamara tana zama a saman ƙashin ƙugu, a ja ta yadda in ka tura ta ƙasa ba zata wuce ba. Ƙullin da ake ɗaurawa shi ne ƙullin takwas, ana ce masa haka don ya yi kama da lamba 8, zaka yi takwas ɗin, ka zura bakin igiya ta wuraren ɗauri biyu na ɗamara, sannan ka bi sawun takwas ɗin ka koma. An fi son sa ne saboda yana da sauƙin dubawa, igiyoyin suna kwanciya bibbiyu, ka ƙirga 2, 4, 6, 8, 10, in bai cika ba to akwai kuskure. Ka bar jela kamar santimita 15. Kuma in ka fara ƙulli ka gama shi, ko wa ya kira ka ya jira.

Dalilin da nake cewa haka, a 1989 Lynn Hill 'yar Amurka, wadda a lokacin tana cikin gwanayen hawa na duniya baki ɗaya, ta fara ɗaura igiyarta a Buoux ta Faransa sai hankalinta ya ɗauku bata ƙarasa ƙullin ba, ta hau har sama ta jingina da igiya don a sauke ta, igiyar ta zare, ta faɗo fiye da mita 20. Rassan bishiya ne suka rage mata ƙarfin faɗuwar, Allah ya yi da sauran kwana, har ta zo a 1993 ta zama mutum na farko da ya haye hanyar The Nose a El Capitan, wani ƙaton bangon dutse a Amurka, da hannu da ƙafa zalla, igiya na kariya kawai. In irin wannan gwanar zata manta ƙulli, ni da kai fa. Shi ya sa kafin ko wane hawa, ko na goma ne a ranar, ku biyu ku tsaya ku duba juna. Mai riƙo ya duba ɗamararka da ƙullinka ya ja da hannu, kai kuma ka duba tasa ɗamarar, ka duba igiya ta shiga na'ura ta fuskar da ta dace, ka matsa ƙofar karabina ka ji a kulle take. Ko wanda ya girme ka da shekara 30 a hawa ne ka duba shi, cikin ladabi ka ce yallaɓai bari in gani, mai hankali godiya zai yi maka. Anan nake gane kulob, in naga manyansu suna miƙa ƙullinsu ga sabon shiga ya duba to na san wurin zama ne.

Ku kuma duba can ƙarshen igiyar da ke ƙasa an yi masa ƙulli. Bango mai mita 35 yana son igiyar mita 70, in taku 60 ce to ana cikin sauke mutum bakin igiya zai sulale ta cikin na'ura yana saura mita 10 ya taɓa ƙasa. Ƙulli ɗaya na daƙiƙa biyar yana hana wannan.

Idan aka fara koya maka riƙon igiya, ƙa'idar da ba a taɓawa ita ce hannun birki, wato hannun da ke riƙe da igiyar da ta fito daga na'ura ta yi ƙasa, ba ya sakin igiya ko ƙuda ne ya shiga maka ido. Ko da na'ura mai kama igiya da kanta ce irin Grigri da kamfanin Petzl ya fitar a 1991, hannun nan yana nan. Tsaya kusa da bango, idonka a sama, waya tana jaka. A kwanakin farko ka nemi wani ya tsaya a bayanka ya riƙe igiyar shi ma, ba raini bane haka ake koyo. Ku yarda da kalmomin da zaku yi amfani dasu tun a ƙasa, gajeru, ina riƙe da kai, na fara hawa, ja, saki, sauke ni, kuma a haɗa da sunan mutum don a bango ɗaya ana iya samun mutum biyar suna ihu lokaci guda.

Shi hawan kansa, taka da kan yatsu, ka kalli ƙafarka har sai ta zauna kafin ka ɗauke ido, ka bar hannayenka a miƙe don in ka lanƙwasa su kana rataye minti kaɗan zasu yi tsami su ƙi kamawa. Da ka hau mita biyu ko uku ka ce a ja, ka saki dutse da gangan ka zauna a ɗamara, ka ji da jikinka cewa igiyar nan tana riƙewa. Tsoro ba ya tafiya da lallashi, sai jiki ya gwada ya gani. In ka kai rabi ka ji ya ishe ka, ka ce a sauke ka, babu wanda zai ce komai.

Sama kuma a dinga kallonta. In kaga walƙiya ka ƙirga daƙiƙa har ka ji tsawa, kowace daƙiƙa 3 kilomita 1 ce, in bai kai 30 ba to ta matso, a bar ƙololuwa da doron dutse a yi ƙasa, kar a fake gindin bishiyar da ke tsaye ita kaɗai ko bakin ɗan kogo, sannan a jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe. Dutsen yashi in ya sha ruwa yana laushi har abin kamawa ya ɓalle a hannu, sai a bashi kwana ɗaya ko biyu ya bushe. In fitar ta haura mita 2500 ka ji ciwon kai da tashin zuciya ka faɗa wa jagora nan take, kar a ƙara hawa da kai.

Saukowa ta fi hawa wuya, jiki ya gaji, hankali ya riga ya tafi gida, ga gwiwa na kuka. Inda ya yi tsaye ka juya ka fuskanci dutse ka sauko kamar mai sauka daga tsani, inda ya kwanta ka fuskanci gaba ko gefe da gajerun taku, kar ka yi tsalle da jaka a baya. Mai jan gaba ya dinga waige, mai ƙwarewa ɗaya ya tsaya a ƙarshen layi, a duk mararraba a tsaya a ƙirga kai. In ka ɓace wa tawaga musamman cikin hazo tsaya inda kake ka busa usur, alamar neman agaji a tsaunuka busa 6 ce cikin minti ɗaya, a yi shiru minti ɗaya, a sake, mai amsawa kuma 3 yake busawa. Da dare haka akeyi da tocila.

Da kun iso ƙasa kar ka ɗau jaka ka wuce, zauna a naɗe igiya da kai, a bi ta da yatsu daga baki zuwa baki ana jin inda ya yi laushi ko ya kumbura ko bawon ya zaizaye. In ka taka ta da takalmi a kan tsakuwa, ko karabina ta kuɓuce maka ta faɗo daga sama, ko dutse ya bugi hular da aka ara maka, ka faɗa wa mai kula da kaya ya ware su ya duba, don sati mai zuwa wani ne zai ɗaura su. Sannan ka ciro waya ka tura wa wanda ka bar wa sunan wurin da lokacin dawowarka saƙo cewa kun sauko lafiya, tun kafin ya fara kiran lambar jagora.